Ƙwaron Da Ya Sha Magani Bai Mutu Ba

Zancenmu na yau kowaccenmu ta sha ganinsa. Kin fesa magani da magariba, kin ja ƙofa, kin dawo kin tarar da kyankyaso a rigingine yana ta harbin iska. Gari ya waye kin zo shara, wayam, ya tashi ya kama gabansa. To me ya same shi da farko, kuma me ya tashe shi?

Ƙwaro ma yana da jijiyoyi masu kai saƙo tsakanin kansa da ƙafafu da fukafukai, kuma yawancin magungunan nan jijiyoyin suke kamawa. A jikin kowace jijiya akwai 'yan ƙofofi da ke buɗewa su rufe cikin ƙiftawar ido, da haka saƙo yake wucewa. Maganin da ke jikin gidan sauro da igiyar leko, wanda aka kwaikwayo daga wani fure da ake nomawa a Kenya, tokare ƙofofin nan yake yi su ƙi rufuwa. Sai saƙo ya yi ta kwarara ba tsayawa, ƙwaro ya kama karkarwa kamar mai farfaɗiya. Fiya-fiya kuwa nata salon daban ne: akwai wani sinadari da ke share saƙo bayan ya isa, shi take hanawa aiki. Mu ma akwai sinadarin nan a jikinmu, shi ya sa nake roƙonki ki nisanta ta da yara da buhun wake.

Idan maganin ya isa, ƙwaro ya mutu. Idan bai isa ba, jikinsa ya narkar da gubar ya farfaɗo. Amma kafin nan ba ya cikin hayyacinsa. Kyankyasai su fito daga ramukansu ido rufe, har su faɗa ɗakin abokiyar zama. Sauro kuma in ya sauka a kan gidan sauro mai magani, ƙafafunsa su hana shi sakat, ya tashi bai sha jini ba. Wannan kam ribarmu ce, ko da bai mutu ba.

Ba ƙwarin cikin gida kaɗai abin ya shafa ba, har da masu amfanarmu. A 2012 masu bincike a Faransa suka liƙa wa ƙudan zuma 'yar na'ura a baya, suka ba su ɗan maganin gona da bai kai ya kashe su ba, suka sake su nesa da amya. Da yawa suka ɓata, hanyar gida ta shige musu duhu. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da irin wannan magani guda uku a fili.

Yanzu ga inda ya shafe ki kai tsaye. In kika tsinka magani da ruwa don ya yi auki, raunanan ƙwari ne za su mutu, masu taurin rai su tsira su hayayyafa, 'ya'yansu su gado taurin. Kan ki ankara, kuɗin cizon da ke katifarki ya daina jin maganin. Haka sauron zazzaɓi ya yi a wurare da dama na Najeriya da Nijar, har a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar gidan sauro mai magani iri biyu a haɗe.

Shi ma gidan sauron, yawan wanki da shanya a rana suna cinye maganinsa. An yi shi ya jure wanki kamar 20, ya yi shekara uku. Ki wanke shi da sabulu a hankali, ki shanya a inuwa, in ya yage ki sa zare da allura. In shekarunsa sun cika, ki sa maigida ya tambayo sabo a asibitin unguwa.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida yara.