Roja: matar ma'aikacin gwamnati da ta rasa mai jin harshenta

A shagunan tura fina-finai a waya da ke Lafia, kamar takwarorinsu na Kano da Kaduna, idan matashi ya ce a zuba masa Indiya-Hausa, da yawa daga cikin abin da zai tafi da shi daga kudancin Indiya ya fito, na harsunan Tamil da Telugu, waɗanda kamfanoni irin su Algaita na Kano suke ɗora wa muryar Hausa. Iyayenmu kuwa, tun shekarun 1950 da 'yan kasuwar Labanan suka fara kawo fina-finan Indiya gidajen silima na Arewa, na harshen Hindi suka sani, su Mother India da zamanin Amitabh Bachchan. Kudu ta iso mana a makare. A cikin Indiyar ma sai da ta yi jira kafin mutanen Delhi da Mumbai su saurare ta da kyau, kuma ɗaya daga cikin fina-finan da suka buɗe mata ƙofa shi ne Roja.

An saki fim ɗin ranar 15 ga Agusta, 1992, ranar bikin 'yancin kan Indiya. Mani Ratnam ne ya ba da umarni, kamfanin Kavithalayaa na K. Balachander ya ɗauki nauyi, Santosh Sivan ya riƙe kyamara. Tushen labarin abu ne da ya faru: a 1991 masu tayar da ƙayar baya a Kashmir suka sace K. Doraiswamy, babban jami'i a kamfanin mai na gwamnatin Indiya, suka riƙe shi makonni. Saboda halin tsaro, ba a ɗauki fim ɗin a Kashmir ba. Duwatsun Ooty da Manali aka ara suka tsaya a madadinta.

Roja, wadda Madhoo ta fito a matsayinta, 'yar ƙauye ce daga ƙasar Tamil. An aura mata Rishi, wato Arvind Swamy, ƙwararre wajen warware saƙonnin sirri a hukumar leƙen asiri. Aiki ya kai shi Kashmir, ta bi shi, aka sace shi a gaban idonta, masu garkuwar suka ce sai an saki jagoransu da ke tsare. Daga nan nauyin fim ɗin ya koma kanta. Tana bin ofishin 'yan sanda, tana tare hafsan soja, har ta kai ga minista, alhali ba ta jin Hindi, yawancinsu kuma ba sa jin Tamil. Wanda ya taɓa ganin dattijuwa daga ƙauye ta zo sakatariyar tarayya a Abuja bin haƙƙin mijinta, tana riƙe da fayil ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba, ya san wannan fuskar. Iyalan fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka sace ranar 28 ga Maris, 2022, waɗanda na ƙarshensu ba su fito ba sai a Oktoba, sun san sauran: gwamnati tana lissafin abin da za ta rasa idan ta saki fursuna, mace tana lissafin mutum guda.

Sai dai abin da ya fi daɗewa a kunnen jama'a shi ne kiɗan. Kafin Roja, Ilaiyaraaja ne ke yi wa Mani Ratnam kiɗa, har zuwa Thalapathi na 1991, kuma a Madras ta wancan lokaci barin Ilaiyaraaja kasada ce babba. Ratnam ya ɗauko wani matashi ɗan shekara 25 mai yi wa tallace-tallace kiɗa a wani ƙaramin situdiyo da ya gina a gidansu, A. R. Rahman. Maimakon tara makaɗa masu yawa a zaure guda a naɗi komai lokaci ɗaya, Rahman ya riƙa jera sauti ɗaya bisa ɗaya da fiyano da kwamfuta, yana barin sarari tsakanin ganga da murya har mai sauraro ya ji numfashin mawaƙiya. Vairamuthu ya rubuta baitocin. A wannan fim na farko Rahman ya karɓi lambar yabo ta ƙasa ta gwarzon mai kiɗa, a 2005 kuma mujallar Time ta sanya kiɗan cikin goma mafi kyau a tarihin fina-finai. Lambobin Oscar biyu da ya samu a 2009 daga nan hanyarsu ta faro.

Mai bibiyar Kannywood ba zai ji wannan baƙon labari ba. A ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ce ta sauya sautin fim ɗin Hausa a Kano, har waƙar Sangaya ta mamaye gidajen biki. Bambancin shi ne Rahman ya tarar da masana'antar da ke da kuɗin kai sautinsa ko'ina.

Karɓuwar fim ɗin ba ta zo babu gardama ba. Gwamnatin Indiya ta ba shi lambar fim ɗin da ya fi ƙarfafa haɗin kan ƙasa, amma masu nazari irin su Tejaswini Niranjana sun tambaya a 1994: ƙasar wa ake haɗawa? Abin da ya fi tsaya musu a rai shi ne wurin da Rishi, hannuwansa a ɗaure, ya faɗa kan tutar Indiya da aka cinna wa wuta domin ya kashe ta da jikinsa, ana nuna jagoran masu garkuwar yana sallah bai ko waiga ba. Musulmin da ya kalli wannan wuri yana da dalilin jin an haɗa ibadarsa da ta'addanci a hoto guda, kuma a ganina sukar tana kan hanya, ko da yake fim ɗin ya bar wa Liaqat, wanda Pankaj Kapur ya fito a matsayinsa, zuciyar da daga ƙarshe ta sa ya saki Rishi. Mutanen Kashmir na gari kuwa, kusan ba a ba su baki ba. Wani abin lura: shi kansa mai kiɗan Musulmi ne, wanda ya karɓi addinin 'yan shekaru kafin fim ɗin.

Fassarar Hindi ita ta kai Roja kowane lungu na Indiya, kuma ita ce ta rage masa ƙarfi. Da aka sa wa Roja Hindi a baki, sai ta koma tana magana da harshen jami'an da a ainihin fim ɗin ba ta iya fahimtarsu, ruɗewarta a ofisoshi ta rasa dalili. Duk mai fassara shi zuwa Hausa zai ci karo da wannan matsala, domin da zarar Roja da jami'an sun koma Hausar Kano dukansu, tafintan da take nema ya zama ba shi da aiki. Wanda ke son ganin abin da Mani Ratnam ya shirya, sai ya nemi na Tamil mai rubutacciyar fassara a ƙasan allo.