Waken Tiya Da Waken Gwangwani: Ina Rangwamen Yake?

A Babbar Kasuwar Sakkwato, mai sayen wake ba ta fara tambayar farashi sai ta cusa hannu cikin buhu, ta ɗebo, ta baza a tafinta tana neman huda. Wake mai huda ƙwaro ya riga ta ci. Idan ta gamsu, sai a auna mata tiya, a yi mata gyara.

Waken gwangwani kuwa a manyan kantuna yake, kuma akasari haɗin salak na biki ake saya dominsa. Ba ma irin namu ba ne, wani ƙaramin farin wake ne da aka fi nomawa a Amurka da Kanada. Gwangwanin kamfanin Heinz giram 415 ne, amma wajen rabinsa romon tumatir ne da sukari da gishiri. Busasshen wake kuwa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa sinadarin gina jiki ne, kuma idan ya dahu yakan ninka nauyinsa har ya zarce. Ga shi yana shiga ƙosai da alale da shinkafa da wake.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wannan wake, Nijar na bi mata, don haka a Sakkwato abin ƙofar gida ne.

Inda kuɗin ke zurarewa shi ne murhu, domin wake na cin gawayi. Dabarar mata ita ce a jiƙa shi tun dare, a jefa 'yar kanwa. Kanwa na sassauta abin da ke riƙe ƙwayoyin waken, sai ya nuna da wuri, amma idan ta yi yawa tana lalata bitamin B1.

Sai maganar ajiya. Saye da kaka ya fi araha, sai dai ƙwaro na iya mayar da buhu gari kafin bazara. Zuba masa maganin ƙwari kuma ganganci ne: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan guba a jikinsa. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana kashe ƙwaron ta hanyar hana shi iska. Mai tiya biyu ko uku kuwa, busasshiyar jarka mai murfi ta ishe ta, muddin ta cika ta taf ta toshe bakin.