Wa Ya Sayar da Gasar 1919?

A watan Oktoban 1919, masu bin wasan besbol a Amurka sun sa ran Chicago White Sox za ta lashe gasar World Series, don ta fi Cincinnati Reds gwanaye. Amma ana gab da farawa sai 'yan caca suka riƙa zuba kuɗi a kan Reds. Ruwa ba ya tsami banza.

A wasan farko, ran 1 ga Oktoba, Eddie Cicotte, gwanin jifan Chicago da ya ci wasa 29 a kakar, ya ɗirka wa Morrie Rath na Reds ƙwallo a gadon baya tun a jifa ta biyu. 'Yan kallo suka ɗauka suɓucewa ce. Aka lallasa Chicago da ci 9 da 1. Lefty Williams, wani mai jifan Chicago da aka sani da iya saiti, ya sha kashi har sau uku a gasar. Reds ta ci wasa biyar cikin takwas, ta ɗauki kambi. Ɗan jarida Hugh Fullerton ya rubuta zarginsa cewa an sayar da gasar, masu harkar suka yi masa ca.

Sai a watan Satumban 1920 asiri ya tonu, lokacin da masu binciken kotu a Chicago ke bin sawun wani wasan daban. Cicotte ya amsa cewa ya tsinci dala 10,000 a ƙarƙashin matashinsa kafin wasan farko. Ashe jifan nan da ya yi wa Rath alama ce ga 'yan caca cewa ciniki ya faɗa. Abokin wasansa Chick Gandil ne ya ƙulla maganar da Sport Sullivan na Boston, sawun kuɗin kuma ya nufi Arnold Rothstein, uban 'yan cacan New York.

Kafin shari'a takardun amsa laifin suka yi ɓatan dabo, kotu ta sallami waɗanda ake tuhuma ran 2 ga Agustan 1921. Washegari sabon kwamishinan wasan, Kenesaw Mountain Landis, ya haramta wa 'yan wasa takwas besbol har abada. Cikinsu har da Joe Jackson, wanda ya karɓi dala 5,000 duk da ya taka rawar gani a gasar, da Buck Weaver, wanda bai karɓi ko sisi ba, ya dai sani ya yi shiru. Korar ta dace, amma adalcin rabi ne, domin Rothstein ko gurfanar da shi ba a yi ba.