Kada Ka Sayi Gidan Gado a Hannun Babban Wa Kaɗai

Wanda ya san Kano, musamman Fagge da lungunan da ke kewaye da Kantin Kwari, ko bayan kasuwar Ƙofar Wambai, shekara ashirin da suka wuce, in ya koma yau sai ya nemi ɗan jagora. Inda ka san zaure da dakali da tsofaffi suna shan hantsi, yanzu bene ne hawa uku, ƙasa shaguna, sama sito. Ɗan kasuwa ya sayi gida ɗaya ya rushe, maƙwabci ya ji kuɗin da aka biya, shi ma ya ɗaga nasa. Masu unguwar na asali su karɓi kuɗi su nausa Ɗorayi ko Rijiyar Zaki ko Ɗanbare, wasu ma har bayan nan. Haka abin yake ta ci a wajajen titin Gidan Zoo da duk inda sabuwar kwalta ta ratsa.

A cikin wannan rububi akwai mutumin da ni shi nake ji, wato matashin da bai taɓa mallakar gida ba, ya gaji da haya, kuma yana ganin in bai sa ƙafa a unguwar yanzu ba, to ta fi ƙarfinsa har abada. Ba laifinsa ba ne da ya yi wannan lissafi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kayan gini suka yi tashin gwauron zabo, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000. Wanda ya auna kuɗin fuloti a bayan gari, da na gini, da na motar zuwa kasuwa kullum, sai ya ga tsohon gidan ƙasa a cikin gari ya fi masa sauƙi. Matsalar ita ce, tsofaffin gidajen da ake sayarwa a irin waɗannan unguwanni, mafi yawansu gidajen gado ne. Kuma a nan ne mutane suke yin sakacin da ke ba ni takaici.

Akwai wani tela da nake kai wa ɗinki, yaro mai hankali, ba ya shaye-shaye, ba ya almubazzaranci. Ya yi shekaru yana zubin adashi. Ya sayar da ɗan fulotinsa na awon igiya, matarsa ta ba da sarƙa da 'yan kunnenta na gwal aka haɗa. Dillali ya kai shi wani gida a lungu, ɗaki huɗu da zaure, ya ce masa: "Malam, wallahi Alhajin da ya sayi na kusa da shi yana nema, gobe zai dawo daga Legas. In ka bari ya dawo, ko ƙofar ba za ka gani ba." Aka kira wanda ake ce wa Yaya Babba, dattijo mai furfura da carbi, ya ce gidan mahaifinsu ne, shi ne babba, 'yan'uwa duk sun wakilta shi. Tela ya taya, aka ce albarka, ya ƙara, aka sallama. A daren ya ba da kafin alƙalami. Kafin mako ya zagayo ya cika kuɗi, aka rubuta takarda a shagon dillali, shaidu biyu, dukansu abokan sana'ar dillalin.

Ya rushe zauren ya ta da shago, ya yi wa ɗakuna biyu ginin bulo, ya tare da iyalinsa. Bai yi shekara a ciki ba sammaci ya zo. Ashe gidan ba na mahaifin Yaya Babba ba ne shi kaɗai, na kakansu ne, kuma tun da kakan ya rasu ba a taɓa raba shi ba. Akwai gwaggonsu da ta yi aure a Damagaram, ta rasu ta bar 'ya'ya. Akwai ƙanin Yaya Babba da ya daɗe a Saudiyya yana neman kuɗi. Akwai marayu uku na wani ɗan'uwansu, babbansu bai gama firamare ba. Ba wanda aka shawarta a cikinsu, ba kuma wanda ya ga ko sisi. Da alƙali ya tambayi tela ko ya nemi ganin takardar rabon gado kafin ya biya, sai ya ce: "Allah ya gafarta Malam, na ga dattijo ne, ban zaci zai yi mini ƙarya ba." Shi kuwa dattijon, kuɗi sun riga sun narke: ya aurar da 'ya'ya biyu, ya sayi mota, ya je Umara. Har yanzu ana biyan tela kaɗan-kaɗan, da kuɗin da ba za su sayi rabin irin wannan gida ba a yau. Dillali ya ci la'adarsa, ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa a maganar.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, wannan telan in zai sayi tsohon keken ɗinki sai ya kwance kansa, ya duba ƙarfen ciki, ya gwada shi a kan ƙyalle kala uku, ya tambayi rasit. Amma gida, wanda ya cinye guminsa na shekaru da gwal ɗin matarsa, ya saye shi da furfurar mai sayarwa. Muna da wata irin kunya marar amfani: a ganinmu rashin ladabi ne ka ce wa babba "kawo takarda". To ai Alƙur'ani da kansa ya yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma ayar da ta zo da wannan umarni a Suratul Baƙara ita ce mafi tsawo a cikinsa. Wane ladabi ne ya fi wannan?

A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke aiki da shi, girman shekaru ba ya ba mutum ikon sayar da rabon ɗan'uwansa. Daga ranar da mai gida ya rasu, bayan an biya bashinsa an zartar da wasiyyarsa, kowane magaji ya zama mai haƙƙi a kowane taku na gidan har sai an raba. Matar mamaci tana da tumuninta in akwai 'ya'ya, uwarsa tana da sudusinta, 'ya mace tana da rabin abin da ɗa namiji ya samu, ko tana aure a ƙarshen duniya. Wanda ya sayar da rabon wani ba da izininsa ba, cinikin yana rataye ne, in mai haƙƙi ya ce bai yarda ba, ya warware. Rabon maraya kuwa ba a taɓa shi sai ta hannun wasiyyi ko alƙali, kuma sai da dalili. In mamaci ya bar mace da ciki, ana dakatar da rabo har ta haihu. In kuma magaji ya mutu kafin a raba, rabonsa ya gangara kan nasa magadan, shi ya sa gidan kaka mai ɗaki huɗu zai iya tashi da masu haƙƙi fiye da yawan azarar da ke rufinsa.

Sannan ga shufu'a, wadda yawancin masu saye ba su taɓa jin sunanta ba sai a gaban alƙali. Ko da rabonsa kaɗai Yaya Babba ya sayar maka, muddin ba a raba gidan ba, abokin tarayyarsa yana da ikon ya mayar maka da kuɗin da ka biya ya karɓe. Wanda yake gari, ya san an yi ciniki ya yi shiru har kimanin shekara, haƙƙinsa ya faɗi. Amma wanda ba ya nan, haƙƙinsa yana nan yana jiransa ko ya daɗe. Ka lura da kyau: kuɗin da ka biya za a mayar maka, ba kuɗin da gidan ya kai yau ba. A unguwar da farashi ke hawa kowace damina, wannan kaɗai ya isa ya mai da kai gidan haya.

Kuma kada wani ya ce ai gidan ya shekara talatin ba wanda ya yi magana. Ba su yi magana ba ne saboda a lokacin kango ne da ba ya kawo ko kuɗin gyaran indararo. Ranar da labari ya kai Damagaram ko Jidda cewa gidan kaka ya yi miliyoyi, kowa zai tuna da nasabarsa. Ba na ma zarginsu. Haƙƙinsu ne, kuma sau da yawa mata ne da aka daɗe ana danne su da sunan "ai ke kina gidan miji".

Saboda haka tambayar farko ba "nawa ne?" ba ce. Tambayi wa ya gina gidan, yaushe ya rasu, mata nawa ya bari, 'ya'ya nawa, su waye suka rasu bayansa. Kada ka tsaya a bakin mai sayarwa da dillali. Ka tura matarka ko gwaggonka ta shiga maƙwabta ta gaida tsofaffin mata, domin su ne suka san wadda aka saka da ciki, da ɗan da aka haifa a wani gari, da 'yar da aka ba riƙo. Abin da tsohuwa za ta faɗa a zama ɗaya, mazan zaure ba za su faɗa maka ba ko ka shekara kana zuwa. Ka je wurin limamin unguwa, ka je wurin mai unguwa. Sai dai ka sani, hatimin mai unguwa ko na dagaci shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa, ba hukuncin rabon gado ba ne.

Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce a kai maganar kotun shari'a, a lissafa magada, a yi wa gidan kuɗi, a sayar ta hannun kotu, ka karɓi takardar da kotu ta bayar da sunanka a jiki. Za a ce maka kotu ɓata lokaci ce, kuma za a kashe kuɗi. Gaskiya ne, ana kashewa, kuma ana jira. Amma duk mai sayarwar da ya ji an ambaci kotu ya fara kame-kame, ya riga ya ba ka amsar da kake nema. In magada sun daidaita a gida, to kowannensu ya zo da kansa ya sa hannu ko ya dangwala, mata da maza. Wanda ke nesa ya aiko da wakilci a rubuce da shaidu, kuma ka kira shi ta bidiyo ka ji daga bakinsa, tun da yanzu ba wanda ya yi nisan da WhatsApp ba ya kaiwa. Kuɗi kuma ta banki, kada ka ɗauki jaka ka kai shagon kowa. Ka nemi lauya ya rubuta takardar ciniki.

Bayan magada, sai gwamnati. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, abin da kake saye izinin zama ne, wanda a takardar shaidar mallaka yawanci shekara 99 ne. In gidan yana da wannan takarda, sauya suna sai da amincewar gwamna, kuma wajibi ne ka je Ma'aikatar Ƙasa da Safiyo ko hukumar bayanan filaye ta KANGIS a bincika maka fayil, don wani gidan takardarsa tana banki an jinginar. Ka leƙa hukumar tsara birane ta KNUPDA ka tambaya ko akwai titi ko magudanar ruwa da aka tsara za ta bi ta wurin. Unguwar da ke tasowa ita ce ake faɗaɗa wa hanya, kuma in gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar doka ta ginin da ke kai ce, ba ta tsadar da unguwa ta yi ba. Wanda ya ga rusau ɗin watan Yunin 2023, na tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, ya san cewa har masu takarda a hannu suna kwana da fargaba, balle kai da ke riƙe da fallen takardar da aka yage daga littafin ɗan makaranta.

Wani abu da dillali ba zai taɓa nuna maka ba shi ne ruwa. Attajirin da ya sayi gidan kusa da kai zai yi ciko ya ɗaga harsashinsa, mai kwalta ya ɗaga titi, kududdufin da ke shanye ruwan unguwa an cike shi an yanka fulotai. Tsohon gida sai ya koma rami. In da hali, ka ga gidan a watan Agusta bayan an ɗauke ruwan sama, ka dubi gindin katanga, ka dubi inda kwata ta nufa. In da rani ne, tabon danshi a bango ba ya ɓuya sai in an yi sabon fenti, sabon fenti a tsohon gidan sayarwa kuwa shi ma abin tambaya ne.

Shi kuma dillali, ka gaya masa tun ranar farko cewa la'adarsa tana nan, amma ba za ta fita daga hannunka ba sai magaji na ƙarshe ya dangwala yatsansa kuma an miƙa maka mukulli ba ɗan haya ko ɗaya a ciki. Za ka ga yadda shi da kansa zai tuno da gwaggon da ta yi aure a Damagaram, har ya nemo maka lambar 'ya'yanta.