Ba a harbin kurege da ɗurin kura

Idan kana noma a Adar, ka san ɓarnar ƙananan namun daji. Kurege yana bin shuka yana tone iri tun bai tsiro ba. Zomo yana shiga wake. Dila yana ɗauke ɗan akuya a bayan gari, ko ya fasa kankana a garka. Da rani, masu garake a bakin tabkin Tabalak da shi suke fama. Wani manomi yakan kira maharbi. Wani kuma yana da tasa bindigar a ɗaki.

Yawancin bindigogin nan ƙirar maƙera ne. Bututun ƙarfe ne aka ɗaura a jikin icce. Ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a tura tsumma, a zuba harsashi, a sake tura tsumma, a danna da sandar ƙarfe. Harbi ɗaya, sai a sake ɗuri. Shi ya sa ake yi mata kirari da harba ka ruga.

To, a wurin ɗurin nan ne ake samun haɗari. Mutane da yawa suna zaton in an cika albarushi, bindiga ta fi kisa. Ba haka ba ne. Albarushi in ya kama wuta, hayaƙi ne mai ƙarfi yake zama. Hayaƙin nan yana neman hanyar fita. Yana tura harsashi gaba, amma yana tura jikin bututu ta kowane gefe, yana kuma tura kafaɗarka. In awo ya yi yawa, ko harsashi ya yi nauyi, bututu ne yake shan wahala. Bututun maƙeri kuwa ba a gwada ƙarfinsa a masana'anta ba. Ran da ya gaji sai ya fashe. Ina hannunka na hagu yake a lokacin? Yana riƙe da bututun. Idonka kuma yana kusa.

Ƙaramar dabba, ƙaramin ɗuri. Zomo da kurege da zabon daji ba su bukatar dunƙulen dalma guda. Ƙananan ƙwayoyi ake zuba musu, masu kamar ƙwayar dawa. In sun fita sai su bazu, ko dabba tana gudu wasu za su same ta. Kuma ba su nisa. Ƙarfinsu yana mutuwa da wuri. Wannan alheri ne, don gona ba daji ba ce. Akwai mata masu tsintar icce, akwai yara masu kiwo, akwai jakin wani a bayan geza.

Dunƙule guda kuwa yana tafiya nesa ƙwarai. Ka kuma tuna ƙasarmu ta duwatsu ce. Daga Tawa zuwa Keita da Buza, tudu ne da tsakuwa. Harsashi mai nauyi in ya bugi dutse yana iya tsalle, ya bi hanyar da ba ka nufa ba. Guntun ƙusa da yankakken ƙarfe sun fi muni wajen tsallen nan, suna kuma kankare cikin bututu. Kada ka zuba su.

A Amurka ma akwai maharba masu haɗa harsashinsu a gida, don harbin wani irin dila na can da ɓerayen da ke tone wuraren kiwo. Harsashin da suke zaɓa ƙarami ne, wani bai kai nauyin dala guda ba, wato giram 3. Yana gudun fiye da kilomita guda a daƙiƙa guda, kuma yana farfashewa da ya bugi abu. Abin lura a nan shi ne awo. Da sikeli suke auna garin, ba da ido ba. Suna rubuta awon a littafi. Kai ma yanzu ka iya rubutu. Samu ma'auni guda, ka yi masa alama, kada ka canza shi. Tafin hannu ba ma'auni ba ne. Na yau daban, na gobe daban, balle in kana sauri.

Amma kada ka yi koyi da su wajen gari. Garin da ke cikin harsashin bature ba albarushi ba ne. Ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Wanda ya fasa harsashin bature ya juye garin a bindigar maƙeri, ya haɗa wa kansa bam. Kan ashana ma haka. Wannan ba wasa ba ne.

Akwai wasu kurakurai da ke cin yatsun maharba. Mutum ya ɗura bindiga, ya ajiye, kwana ya yi nisa ya manta, ya sake ɗura wani a kai. Maganin wannan mai sauƙi ne. Zura sandar dannawa a bututu lokacin da babu kome a ciki, ka yi mata zane daidai bakin bindiga. Duk ran da zanen ya tsaya a sama, akwai ɗuri a ciki. Sai kuma dannawa: harsashi ya zauna a kan albarushi sosai. In an bar fili a tsakaninsu, bututu yana iya kumbura ko ya tsage. Bayan harbi, dakata kaɗan kafin ka sake zubawa, don wuta tana iya saura a ciki. Zuba daga ma'auni, ba daga gora ba. Kuma kada ka leƙa bakin bindiga, ko da ta ƙi tashi. Wani lokaci jinkiri ta yi.

Sai maganar dalma. Wasu suna fasa tsohon batirin mota su narka dalmarsa a tsakar gida. Dalma guba ce. Hayaƙinta da ƙurarta suna shiga jiki, ba a gani, ba a ji. Yara ƙanana ta fi kamawa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya kasa karatu, ko ya riƙa suma. A shekarar 2010, a jihar Zamfara ta Nijeriya, yara fiye da 400 suka mutu saboda gubar dalma. Can daga dutsen zinariya ta fito, wanda ake niƙawa a cikin gidaje. Amma dalmar ɗaya ce da taka. Kada ka narka ta kusa da yara ko mace mai ciki. Kada ka yi aikin da tukunya ko ludayin abinci. Wanke hannu da sabulu kafin ka ci tuwo. In ka harbo zomo, yanke naman da ke kewaye da raunin ka binne shi, ka tsince ƙwayoyin kafin a sa a miya.

Farauta tana da doka a Nijar. An yi ta ran 29 ga watan Afirilu na 1998, lambarta 98-07. Ta hana taɓa wasu dabbobi sam, kamar raƙumin dawa da jimina. Harbi da bindiga sai da takarda. Kafin ka fita, je ofishin ma'aikatan gandun daji a Tawa ko a garin da ya fi kusa da kai, ka tambayi abin da aka yarda da lokacin da aka yarda. Ka kuma san halin da arewa take ciki. A 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara saboda 'yan bindiga. Soja in ya hango mutum da bindiga a daji, ba ya iya sanin kurege ya fito nema.

Dila kuma, kafin ka ɗura masa, duba ko shinge mai kyau da kare za su isa. Yana cin ɗan akuya, gaskiya ne. Amma yana cin ɓera da gafiya da fara, waɗanda suke cin hatsinka.