Azurfa a Rigar Kaba: Abin da Maƙeran Rasha Suka Hango a Kayan Talaka

A gidajen adana kayan tarihi na Turai da Amurka, da wuraren gwanjon kayan da, akwai wani irin kwando da ke ba baƙo kunya. Ɗan madaidaici ne, irin na zuba burodi, an yafa masa farin ƙyalle wanda gefensa ya zubo, har da sawun ninki da zare-zaren baki. Sai mutum ya matsa kusa sannan ya gane ashe kwandon da ƙyallen duk azurfa ne. Maƙeran Rasha ne suka yi fice a wannan aiki na ruɗin ido daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa farkon na 20. Abin tambaya shi ne, me zai sa mai kuɗi ya biya a mayar masa da azurfa ta yi kama da kayan bukkar manomi?

Yadda aikin yake

Azurfa zalla tana da taushi, ba ta jure hidima, don haka akan surka ta da jan ƙarfe. Rashawa suna da ma'auninsu mai suna zolotnik, inda 96 ke nufin zalla. Yawancin kayansu 84 ne, wato kashi 875 cikin 1,000. Wannan haɗin yana buguwa ya zama falle, yana kuma riƙe zane.

Maƙeri zai buge azurfa ta yi faɗi, ya lanƙwasa ta yadda ƙyalle ke kwanciya idan an jefa shi a kan kwano, sannan ya bi ta da ƙananan ƙarafan zane, layi bayan layi, har zaren tsaye da na kwance su fito. Kwandon kuwa, wani lokaci akan yanka azurfar siri-siri a saƙa ta da gaske, wani lokaci kuma a buga siffar saƙar a jikin falle guda. Cikin kwano akan shafa masa ruwan zinariya.

Ba kwando kaɗai suka kwaikwaya ba. Sun yi kofuna masu kama da ɓawon biriyoza, bishiyar nan mai farin jiki da manoman Rasha ke yin mazubi da ita. Sun yi mazubin gishiri a siffar lafti, takalmin da talaka ke saƙawa da ɓawon itace. Sun yi buhuna ɗaure da igiya, da 'yan ganguna. Akwatin sigari kuwa ya fi ban dariya: an zana masa jijiyoyin katako, da kan ƙusa, har da takardar harajin gwamnati da ake mannawa a baki, duk a jikin azurfa.

Gidan ƙira na Sazikov, wanda ya faro a Mosko a 1793, ya samu lambar yabo a babban baje kolin Landan na 1851. Pavel Ovchinnikov ya buɗe masana'antarsa a Mosko a 1853, Ivan Khlebnikov kuma ya kafa tasa a birnin a 1871. Bayan baje kolin Filadelfiya na 1876, inda Amurkawa suka ga kayan Rasha ido da ido, kamfanoni irin su Tiffany da Gorham su ma sun shiga yin kwanuka masu ƙyallen azurfa.

Dalilin komawa gida

Tun zamanin Sarki Peter, wanda ya rasu a 1725, manyan Rasha suka juya fuska ga Turai ta yamma. Sutura ta Faransa, hira a fada da Faransanci, kayan tebur ma haka. Yaƙin Napoleon na 1812 ya sa da yawa suka fara tambayar kansu: mu ina namu? Amsar da masu zane da magina da maƙera suka samu tana ƙauye.

Sai kuma 1861, lokacin da Sarki Alexander na Biyu ya 'yanta bayin gona sama da miliyan 20. Attajiran Mosko na wancan zamani da dama jikokin manoma ne. Ovchinnikov kansa an haife shi bawan gona, da sana'ar hannunsa ya fanshi kansa. Mutumin da ya tashi yana ganin uwarsa na lulluɓe burodi da ƙyalle, in ya ƙera wannan ƙyalle da azurfa, asalinsa yake ɗagawa. Dama a al'adarsu da burodi da gishiri a kan ƙyalle mai ado ake tarbar babban baƙo.

Mu ma ba baƙi ba ne

Wannan tunani ya girmi Rasha ta ƙarni na 19 a ƙasarmu. A Igbo-Ukwu, cikin Jihar Anambra ta yanzu, mai binciken kayan tarihi Thurstan Shaw ya yi tono a 1959 da 1960, aka fito da kayan tagulla da masana suka danganta da wajen ƙarni na 9 zuwa na 10. Cikinsu akwai tulu da aka kewaye da igiya mai ƙulle-ƙulle, igiyar ma tagulla ce, da kwanuka masu siffar ƙwarya. Da kaki ko makamancinsa aka fara gina siffar, aka lulluɓe da yumɓu, aka narkar da kakin, sannan aka zuba ƙarfen a gurbinsa.

A ƙasar Hausa, maƙeran fari, wato masu aikin azurfa da tagulla, su ma sun saba. Murɗaɗɗiyar munduwa igiya ce aka mayar ƙarfe. Gidan laya na azurfa da ake gani daga Kano har Agadas yana bin siffar layar fata da baduku ke ɗinkawa. Ko maƙerin yau mai narkar da tsohon alminiyam, ludayin da yake zubawa siffar ludayin duma yake ɗauka.

A kudancin Kano kuma har an yi akasin abin da Rashawa suka yi. A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne Sarakunan Baba, saboda rini. A Kura, wadda ba ta da nisa da Rano, mabuga kan shafa wa ƙyallen da aka rina shuni, su ɗora shi a kan gungume, su yi ta bugu har ya ɗauki sheƙi irin na ƙarfe. Shi ne rawanin ɗan Kura da turkuɗi, waɗanda Buzaye suka daɗe suna saye. Can an sa ƙarfe ya yi kama da ƙyalle, nan an sa ƙyalle ya yi kama da ƙarfe. Gwanintar ido da hannu iri ɗaya ce.

Ina tamu azurfar ta shiga?

A shekarar da Sazikov ke karɓar yabo a Landan, 1851, matafiyi Heinrich Barth ya shigo Kano, ya tarar ana canza liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Liyarin Maria Theresa, mai ɗauke da shekarar 1780 komai lokacin da aka buga shi, azurfarsa kashi 833 ce cikin 1,000, kuma shi maƙera suka riƙa narkarwa su yi zobe da warwaro da adon doki. Daga baya sulallan azurfa na Turawan mulki, waɗanda aka fara bugawa a 1913, suka bi sahu. Ke nan azurfa ta shigo da yawa, gwanaye kuma akwai su. To me ya sa za a iya faɗin wanda ya ƙera wani kofi a Mosko shekara 150 da suka wuce, amma munduwar kaka ba a san maƙerinta ba?

Dalili na farko hatimi ne. Dokar Rasha ta wajabta a kai kayan azurfa wurin jami'in gwaji. A gindin kofi za ka ga lamba 84, da tambarin gari (na Mosko mahayin doki ne yana sukar dodo), da haruffan sunan mai gwajin tare da shekara, da na maƙerin. Daga 1899 aka koma wani tambari mai kan mace. Waɗannan 'yan alamu su ne shaidar da mai saye ke dubawa har yau, shi ya sa ma 'yan damfara ke ƙoƙarin jabunsu.

Na biyu shi ne yadda muke kallon azurfa. A wurinmu ajiya ce. Nauyinta ake saye, kuɗin aiki kaɗan ne. Rana ta ɓaci a sayar, 'ya ta isa aure a kai wa maƙeri ya narke ya fitar da sabon yayi. Wannan dabara ta rufa wa gidaje da yawa asiri, amma ta cinye aikin magabata. Rasha ma ta yi asara: bayan juyin juya halin 1917 an rufe waɗannan masana'antu, an narkar da kaya masu yawa, an sayar da wasu ƙetare. Waɗanda suka tsira, a yau aikin da ke jikinsu da sunan mai aikin ne ke sa farashinsu ya ninka na nauyin ƙarfen.

Kwaikwayo iri biyu

A kasuwannin Rano da maƙwabciyarta Kibiya ma ana sayar da kayan kwaikwayo, sai dai na roba ne. Dubi faifan roba da kyau: injin ya fitar masa da zagayen ɗinki, layi a kan layi, kamar wata ce ta zauna da allura da kaba, alhali a ƙiftawar ido aka zubo shi. Tabarmar roba ma haka. Ba a ga laifin mai saye ba, tunda da araha, tana kuma wankuwa. Amma kwandon azurfa ya sa attajiri ya dubi na manomi da mutunci, shi kuwa faifan roba kasuwar mai ɗinkin faifai yake ci.

Abin da Rano da Kibiya suka fi Mosko ta yau da shi, kayan asalin ba su mutu ba. Har yanzu ana ɗinka faifai, ana fafe ƙwarya a yi mata zane, ana sassaƙa akushi, gyartai na yawo. Maƙera ma suna nan. Abin da ya rage shi ne a haɗa su, a kuma samar da masu saye.

Masu sayen suna nan su ma. Duk naɗin sarauta, duk ziyarar babban baƙo, duk bikin karrama wani, sai an miƙa kyauta, kuma galibi allon gilashi ne ko na katako da aka rubuta suna, wanda ba ya faɗin komai game da garin da ya bayar. Masarautar Rano, wadda dokar 2024 ta haɗa mata Rano da Kibiya da Bunkure, tana iya sa a ƙera mata ƙaramin faifai ko ludayi ko tandun kwalli na azurfa, ko na tagulla in azurfa ta yi tsada. Sharaɗi uku ne: zanen ya fito daga hannun masu sana'ar yankin kuma a biya su, a buga yawan azurfar da ke ciki bayan gwaji na gaskiya, sannan a buga sunan maƙerin da garinsa da shekara. Sarakunan maƙera za su iya riƙe rajistar tambarin, Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta taimaka da ma'auni. Odar farko ko guda ashirin ce ta isa a gwada, a ga abin da hannun maƙeranmu zai iya da kuma abin da kasuwa za ta biya.