Kwaɗon Azbin da masana suka raɗa wa suna sau uku

Wanda ya san Arlit da ƙura da ramukan yuraniyom zai yi mamaki in aka ce akwai kwaɗi a yankin. Amma gabas da garin, cikin duwatsun Azbin, inda ruwa ke kwanciya a kwazazzabai da bakin lambuna, akwai wani kwaɗo mai kaushin fata da jajayen ɗigo a bayan cinyoyinsa. Masana na kiran sa Sclerophrys xeros.

Ya daɗe ba shi da sunan kansa. An riƙa haɗa shi da Bufo regularis, kwaɗon nan na bakin rijiya da kowa ya sani, wanda aka fara bayaninsa daga Masar a 1833. Sai a 1976 Mills Tandy da abokan aikinsa uku suka nuna cewa jinsi ne daban, kuma kukan da namiji ke yi wa mace na cikin hujjojinsu. Samfurin da suka dogara da shi daga tsaunukan Ennedi na Chadi ya fito. Suka ce masa Bufo xeros, kalma ta biyun kuwa a Girkanci tana nufin busasshe.

A 2006 binciken ƙwayoyin halitta ya raba dangin Bufo, aka mayar da shi Amietophrynus, don karrama Bafaranshe Jean-Louis Amiet da ya yi aiki a Kamaru. Shekara goma kacal sunan ya yi. A 2016 aka gano cewa tun 1838 wani masani, Tschudi, ya riga ya ba wannan rukuni suna Sclerophrys, kuma a ƙa'idar masana sunan farko shi ke da gida.

Ana samun sa daga Muritaniya da Sanigal har Habasha da Somaliya, don haka ba a lissafa shi cikin masu fuskantar ƙarewa. Sai dai na Azbin kamar mazauna tsibiri suke, yashi ya kewaye su. Ana ganin ragowar zamanin da Sahara ke da ciyawa da tafkuna ne, zamanin da aka sassaƙa raƙuman dawa a dutsen Dabous, tsakanin Agadez da Arlit. Idan tafki ɗaya ya ƙafe ko ya gurɓace, da wuya wani kwaɗo ya ƙetaro hamada ya maye gurbin na wurin.